Haruffa Biyu a Kusurwar Allo

Akwai wata Litinin da har yau ba ta fita raina ba, ko da yake na yi ritaya kuma yawancin waɗanda suka ga abin sun watse. Kun ce in rubuta muku wani abu daga shekarun da na yi a biro, wato ofishin ƙungiyar dillalan shanu ta nan Garuwa. Wannan zan ba ku, domin ban yi kyau a cikinsa ba.

Ni ne sakatare a lokacin. Karatuna bai yi nisa ba, tafireta na koya, da ita na ci abinci shekaru masu yawa kafin a kawo mana kwamfuta. Ga wanda bai san aikin ba: duk motar shanun da za ta tashi zuwa Ngawundere sai mun buga mata takarda mai sunan mai shanu, yawan kawuna da lambar mota. Mai shanu ya kai ta wurin likitan dabbobi a buga hatimi, sannan mota ta kama hanya. Aikin minti goma ne. Shi ya sa ake loda shanu tun da sanyin safiya, a zo karɓar takarda daga baya.

Kwamfuta biyu muke da su, wani injiniya mai suna Buba ne ya haɗa su, shi kaɗai kuma yake da ikon buɗe asusun shiga manhaja idan ya kulle. Ɗaya tawa ce. Ɗayar ta Fadimatu ce, 'yar wani mahauci, wadda aka ɗauka gwaji na wata uku. Mu da Faransanci muke aiki, ita kuwa a Yola ta yi karatu, tana jin Ingilishi, ita ke rubuta wasiƙun 'yan kasuwar da ke zuwa daga Mubi. Hannunta ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Shugaban ƙungiya, Alhaji Umaru, ya taɓa faɗin haka a gabana yana dariya, ni kuwa ban yi dariya ba. Tun daga ranar na soma lura da ita: ina ta tsaya, da wa ta yi magana, me ya sa take gaishe ni da fara'a haka.

A ƙasan allon kwamfuta akwai wani dogon layi da muke ce wa bar. A kansa agogo yake, da 'yan hotunan da ake dannawa a buɗe aiki. Nawa toka-toka ne, cike da tarkacen da ban san amfaninsu ba. Ranar wata Juma'a da hantsi, babu mota ko ɗaya, na zauna ina latse-latse har na gano inda ake gyara shi. Na mai da shi kore. Na ƙara wa agogo girma don idona. Na rage kaurin layin. Sannan na bi tarkacen ɗaya bayan ɗaya ina cirewa, har ya rage agogo da hotuna uku kacal. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Na tafi masallaci ina jin kaina kamar injiniya.

Litinin na iso da wuri. Na ɗauki ƙyallena na goge maɓallan rubutu kamar yadda na saba tun zamanin tafireta, da ƙarfi, daga wannan gefe zuwa wancan. Motoci huɗu na jira a waje. Na buɗe manhajar takardu, na buga kalmar sirrina. Kun san ba ta fitowa a rubuce, sai ɗigo-ɗigo. Ta ce ba daidai ba. Na sake a hankali. Ba daidai ba. A karo na uku asusuna ya kulle.

Na buɗe farar takarda don in gwada maɓallan. Na rubuta sunan garinmu yadda ake rubuta shi da Faransanci, sai ga abin da ya fito: Gqrouq. Na rubuta Amadou, ya fito da wata Q da wani ɗigo mai wutsiya. Na tuna ranar Juma'ar, da na dawo daga masallaci na tarar da Fadimatu tsaye kusa da teburina tana ɗaukar takarda daga injin bugawa. Injin a nan yake zaune kullum, amma a ranar Litinin ɗin ban tuna da wannan ba.

Ta shigo da sallama, ta hango allon daga inda take.

"Baba Sale, ai ba lalacewa ya yi ba. Maɓallan ne suka koma tsarin Ingilishi. Duba kusurwar bar, za ka ga EN, ka danna ya koma FR."

Na duba. Babu komai a kusurwar sai agogo.

"Babu," na ce.

"To wani ya cire. Bari in zo."

"Tsaya nan inda kike! Kada ki taɓa."

Ta tsaya da jakarta a kafaɗa. Na ce, "Daga bakin ƙofa, ko zama ba ki yi ba, kin san ciwon, kin san maganin. Ta yaya kika sani?"

"Baba, ai duk wanda ya taɓa rubutu da tsarin biyu ya san A ke komawa Q."

"Duk wanda ya taɓa. Wa ke rubuta Ingilishi a biron nan?"

Ba ta amsa ba. Na ɗauki shirun nan na ƙara a kan hujjojina.

Da Alhaji Umaru ya zo na ja shi gefe. Na jera masa komai: Yola, Ingilishi, tsayuwarta a teburina, gwajinta da zai ƙare a makon, da kujerata da kowa ya san ta fi tata. Na ce an canza mini kalmar sirri don a nuna tsufa ya kama ni. Alhaji ya ce, "To ta buga takardun da nata asusun mana, motoci na jira, ma yi bincike daga baya." Nan ne na yi babban laifin. Na ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutocin a haɗe suke. In ta zauna a kan tata, za ta goge shaida." Ban san ko haka ne ba. Na faɗa ne da muryar wanda ya sani, kuma shekara da shekaru Alhaji bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Ya ce mata ta koma gida sai an neme ta. Aka kira Buba, ya ce yana Ngawundere, sai Laraba.

Na rubuta takardun huɗu da hannu. Likitan dabbobi ya ce ba ya karɓar rubutun hannu sai da izinin na sama da shi, na saman kuma yana taro. Watan zafi ne, kun san yadda Garuwa take kafin ruwa ya sauka. Wani dillali daga Bogo, Alhaji Jiɗɗa, ya shigo biro yana fifita da hularsa.

"Malam Sale, shanuna ne ko kilishi kake so in kai Ngawundere? In kilishi ne ka faɗa mini in sayo yaji!"

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Kafin a sami hatimi bayan azahar, shanunsa biyu sun kwanta a cikin mota, sai da aka sauko da su aka yanka a bakin hanya. Kowa a tasha ya ji cewa yarinyar biro ce ta lalata kwamfuta. Ban faɗa da bakina a tasha ba, amma da aka tambaye ni na ɗaga kafaɗa.

Ina cikin sallar la'asar, a raka'a ta biyu, abin ya faɗo mini. Cikin tarkacen da na cire ranar Juma'a akwai wasu haruffa biyu ƙanana a gefen agogo. FR. Na tuna har abin da na ce a raina lokacin da nake cire su: kowa ya san Faransanci muke rubutawa, sai an rubuta mana a goshi? Na sallame, na zauna a kan tabarma na daɗe. Sai na soma lallashin kaina. To na cire alamar, amma wa ya juya maɓallan? Ai ba ni ba ne. Da wannan na kwana biyu.

Laraba Buba ya zo. Bai yi minti biyar ba ya mayar da alamar, ga EN ɓaro-ɓaro. Ya danna, ya buɗe asusuna, kalmar sirrina ta shiga yadda take, ba wanda ya canza ta. Ya jira Alhaji Umaru ya fita amsa waya, sannan ya rage murya.

"Baba, wa ya yi wa bar ɗin nan kwalliya?"

"Ni ne. Launi kawai na sa."

"Launin da cire alamar lokaci ɗaya aka yi su, Juma'a kafin salla. Yana nan a rubuce." Ya kalli ƙyallen da ke gefen teburina. "Kana gogewa kwamfuta na kunne?"

Na ce e. Ya danna maɓallai biyu na gefen hagu tare, alamar ta koma EN. Ya sake dannawa, ta dawo FR.

"Ƙyallenka ne ya juya shi," ya ce. "Ni zan ce wa Alhaji na gyara, ba a kuma canza kalmar sirri ba. Sauran kai ne babba, daga bakinka ya kamata ya fito."

Haka ya faɗa wa Alhaji. Alhaji ya tambaye ni, "To wa ya taɓa maɓallan?" Na ce, "Allah kaɗai ya sani." Ranar Juma'a gwajin Fadimatu ya ƙare, aka rubuta mata takardar cewa ƙungiya ba za ta ci gaba da ita ba. Ni na buga takardar. Babu kuskure ko ɗaya a cikinta.

Sai da na ƙara mako guda ina kallon kujerarta babu kowa kafin na shiga wurin Alhaji na faɗi komai. Ya saurare ni har na gama. Tambaya ɗaya ya yi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Litinin ɗin da la'asar."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Da kuskuren ne kawai, Sale, da mun yi dariya. Tashi ka je gidansu. Ba zan aiki kowa ba, kai za ka je."

Na hau babur ɗin haya na je. Mahaifinta ya karɓe ni a zaure, bai miƙo mini hannu ba sai da na gama bayani. Ya ce mako biyu ke nan abokan sana'arsa na tambayarsa ko gaskiya ne 'yarsa ta kashe shanun mutane. Ya aika aka kira ta. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, wannan ya fi zagi ciwo. Na ce Alhaji ya ce ta dawo, an ɗauke ta aiki ba gwaji. Na roƙi gafara.

"Na yafe, Baba," ta ce. "Amma ba zan dawo ba. Wani kanti ya ɗauke ni, ina rubuta musu wasiƙu."

"Ko don Alhaji, 'yata."

"Ba fushi ba ne. Ranar nan ina shigowa na gaya maka gaskiya don in taimake ka, ita ce ka riƙe a matsayin shaida a kaina. In na dawo, duk ranar da na ga wani abu ya lalace sai na tsaya ina tunanin ko in faɗa ko in yi shiru. Ba zan iya aiki haka ba."

Washegari na je tasha, na tsaya inda dillalai ke shan shayi, na faɗa musu da bakina cewa ni ne. Alhaji Jiɗɗa ya dube ni ya ce, "Da ka bari ta zauna minti goma, da shanuna sun isa."

Ku da kuke biron yanzu, ku gyara allonku yadda kuke so, ku sa launin da ya yi muku, ido ma yana da hakki. Amma kafin ku cire abin da ba ku san aikinsa ba, ku tambayi wanda ya sa shi. Wannan shi ne ƙaramin darasin. Babban shi ne, a aikinmu wanda ya fi saurin gane matsala yawanci shi ne wanda ya fi sanin aiki, ba wanda ya jawo ta ba. Ni na tsorata da saninta, na kira tsoron nawa bincike. An ɗauki mutum uku bayanta kafin in bar aiki, duk sun ji labarin, kuma babu ɗaya cikinsu da ya taɓa leƙo allona ya ce, "Baba, ga inda ka yi kuskure."