Muryar Rifkatu a Ƙarƙashin Jita

Har gobe ba zan manta da ranar da wani dattijon coci ya zauna a kujerar nan tawa ya kama maɓallan na'ura da hannunsa ba. Ku sababbin ma'aikata kun sha jin ana taɓa labarin, to bari in ba ku shi daga tushe.

Lokacin ina injiniyan sauti na biyu a situdiyonmu na Unguwar Sarki, a ƙarƙashin Oga Lawal. Yawancin aikinmu tallan rediyo ne da waƙoƙin fim da na biki. Mawaƙi zai zo shi kaɗai, a haɗa masa kiɗa a fiyano da kwamfuta, ya ɗora murya ya tafi. Sai wata rana da damina wasu matasa suka iso daga Kawo a cikin tsohuwar bas, an cika ta da ganguna da jitoci. 'Yan coci ɗaya ne, kuma kiɗansu shi ne wanda ake kira rok. Albam suke son yi. Oga Lawal ya leƙa ya ga kayan, ya ce, "Nasiru, kai ne mai son sabon abu. Ga naka nan."

Shugabarsu Rifkatu ce, malamar firamare, ita ke rera waƙa. Mai babbar jita kuma Yohanna. Yana da wani ɗan akwati a ƙasa, in ya taka shi sai jitar ta rikiɗe ta yi ruri kamar injin markaɗe. Da na fara ji, tashi na yi in duba ko lasifika ce ta fashe. Ya yi dariya ya ce, "Oga Nasiru, lafiyarta lau. Haka ake so." Na tsuguna na sa shi ya yi ta takawa yana saki, ina ta tambaya, har na gane cewa rurin ma kala-kala ne. Kafin su fara aiki sukan kama hannun juna su yi addu'a. In la'asar ta yi kuma su ne ke tuna mini, su ajiye kaya har in dawo daga masallaci.

Ga wanda bai san aikin ba, ba a ɗaukar waƙa a dunƙule. Kowane abu da layinsa: a fara da ganguna, sai jita mai kauri, sai sauran jitoci, murya a ƙarshe. Bayan nan sai haɗawa, inda injiniya ke ɗaga wannan ya sauke wancan har komai ya zauna daidai. A wurin haɗawar ne na ga abin da ya ɗaure mini kai.

Duk mawaƙin da na taɓa yi wa aiki, roƙonsa ɗaya ne: a ɗaga masa murya. Rifkatu ma haka ta yi a sauran waƙoƙin, na Hausa da na Turanci. Amma akwai guda ɗaya da ta rera da yarensu na kudancin Kaduna, wanda ba na ji. Ita ce ta fi kowace fitowa da kyau, a zama ɗaya ta yi ta, ta fito idonta jawur. Da muka zo haɗa ta sai ta ce, "Oga, sauke ni." Na sauke. Ta ce in ƙara. Na yi ta saukewa har jitar Yohanna ta binne ta.

Na ce, "Malama Rifkatu, yanzu fa ba mai jin abin da kike faɗa."

Ta ce, "Ya yi haka."

Na tambayi Yohanna a waje, ya ce in bar maganar kawai. Na bari, amma abin na raina. Sau da yawa in sun tafi nakan kunna muryar ita kaɗai in saurara, ina neman ko kuskure ne take ɓoyewa. Ban sami kuskure ko ɗaya ba.

Sun riga sun buga fastocin talla, sun gayyaci jama'a ƙaddamarwa a zauren cocinsu. Sai kwamitin dattawa ya ce ba za a ba da zauren ba sai an ji abin da ke cikin albam ɗin, domin wasu na cewa hayaniya ce kawai aka laƙa wa sunan Allah. Wanda aka turo ya saurara shi ne Baba Dogara, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma mahaifin Rifkatu. In ya ce a'a, babu zaure, kuma ba wata cocin da za ta karɓi abin da tasu ta ƙi.

Ya zo da hantsi, ya gaishe ni da kyau, ya zauna ya ɗora hularsa a gwiwa. Ya saurari waƙoƙin, yakan ɗan runtse ido in ganguna suka yi yawa. Da muka kai ga ta yarensu sai ya ɗaga hannu.

"Malam Nasiru, wannan ban ji kalma ɗaya ba. Abin da ba a ji ba, ta yaya zan ce wa mutane yabo ne? Ana iya cire rurin ƙarfen nan?"

Na ce, "Baba, ana iyawa. Kowanne da layinsa."

Abin ya ba shi mamaki. Ya taso ya leƙa allon na'urar yana tambaya wanne ne ganga, wanne ne jita. Na tashi na ba shi kujerar, na nuna masa. Na dubi Rifkatu, domin aikinta ne, ba zan buɗe ba sai da yardarta. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta gyaɗa kai.

Baba Dogara ya ja maɓallan ƙasa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage muryar 'yarsa kaɗai a ɗakin. Ko numfashinta ana ji. Ba a yi nisa ba na ga hannunsa ya tsaya cak a kan na'urar. Yohanna ya matso ya raɗa mini cewa waƙar ta Ishaku ce, ƙanen Rifkatu, wanda ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zariya. Tun daga ranar jana'iza Baba bai ƙara ambaton sunansa a gida ba. A waƙar kuwa tana kiran sunan, tana tambayar Allah ina Shi yake a ranar haɗarin.

Waƙar ta ƙare. Sai Baba ya ce, da Hausa, "Ni kika ɓoye wa?"

Ta ce, "Baba, na ji tsoron ku ce saɓo na yi."

Ya ce, "Tambayar da na yi ta yi a zuciyata ce, ni dai ban iya faɗa ba. Kuma na ji inda kika ƙare. Ba ki bar Shi ba." Ya share fuska da hularsa, ya juyo gare ni. "Malam, mayar mini da ƙarfen yaron nan. Ita kaɗai ta yi nauyi da yawa."

Na ce ya tura da kansa. Ya ɗaga gangunan kaɗan, ya ɗaga jitar, ya saurara, ya ƙara. A wurin amshi ya tura ta sama fiye da yadda Yohanna ya taɓa nema, har na sa hannu na tare kada ta fasa lasifika. Amma muryar bai bari ta sauka ba ko kaɗan. Ya ce, "Yauwa. Ashe kuka yake taya ta." A nan na adana haɗin, ban ƙara taɓa shi ba sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.

Ranar ƙaddamarwa ni na kula da sauti a zauren, Lahadi da yamma. Matan ƙungiyar zumunta ta cocin da ke layin gaba sun toshe kunne a waƙar farko. Da aka zo ta Ishaku ba wadda ta toshe. Baba Dogara ne ya karɓi faifan farko, kuma a gaban jama'a ya kira sunan ɗansa. Ba a yi mako biyu ba na ji waƙar tana tashi a shagon masu tura waƙoƙi a waya kusa da tashar Kawo.

Abin da na ɗauka daga aikin nan shi ne, mutanen da ke shigowa ɗakin nan ba sauti kaɗai suke kawowa ba, da abin da ke cinsu suke zuwa. In mai aiki ya nemi abin da ya saɓa wa duk abin da ka koya, kada ka yi gaggawar cewa bai iya ba. Yi masa, ka buɗe kunne, ka yi haƙuri da rashin saninka. Kuma kada ka taɓa buɗe layin wani a gaban kowa, ko da ubansa ne, sai shi ya ce ka buɗe.