Gwadabe da Lambun Hansai

Shekara ashirin Gwadabe ya yi yana abu ɗaya. Da ya idar da sallar asuba sai ya rataya jakarsa, ya biya wa Isyaku marini da Halliru mai zanen ƙorai, su gangara bakin kogi. Kowa ya shimfiɗa takardar buhun siminti a cinya. Launinsu baba ne da jan ƙasa da gawayi, a dama da ƙaro. Yau su zana lambunan albasa, gobe gada, ran Juma'a rumfunan kasuwa. Shi Gwadabe ba ya ƙari, ba ya ragi. In fangali, wato komin shuka, tara ne a lambu, tara zai zana, ko da Halliru zai wuni yana yi masa tsiyar hoton ya karkace.

Abincinsa kuwa a adon zaurukan masu hali yake samu. Zanen bakin kogi, mutanen Wudil wasan ƙaton banza suke ce masa.

Damunar bara waccan kogi ya cika ya shafe iyakokin fadama. Ruwa na janyewa, Dattijo dillalin albasa ya kafa turaku, ya haɗiye rabin lambun Hansai, matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu da lambun nan kaɗai. A gaban Dagaci maƙwabta suka ce, “Ranka ya daɗe, ruwa ya tafi da shaida.” Ƙarya suke, wallahi! Sun sani sarai. Dattijo ne ke sayen albasarsu.

A lokacin Gwadabe na tsakiyar yi wa sabon zauren Dattijo ado. Isyaku ya ja shi gefe.

“Rufa wa kanka asiri, Gwadabe. Tuwon gidanka a hannun mutumin nan yake.”

“Yaya Isyaku, da idona na ƙirga fangalin nan. In ce ban gani ba?”

Gwadabe ya ɗauko zanen lambun da ya yi kafin kogi ya cika, ya warware gaban Dagaci. Ga giginya, ga jigon ban ruwa na Hansai, tsakaninsu fangali goma sha huɗu. Aka yi dariya. Dagaci bai yi ba. Ya sa aka auna tsawon fangali goma sha huɗu daga giginya, aka tona yashi, sai ga gindin jigo a binne, can cikin abin da Dattijo ya killace. Lambu ya koma hannun mai shi.

Ran nan Dattijo ya sa aka yaɓe adon zauren da laka. Tun daga nan babu mai halin da ya sake kiran Gwadabe aiki. Abin da ya fi ƙona rai, waɗanda suka yi gum ranar su ne suka bi gari suna cewa ya cika shisshigi. Ga shi a bana, 1958, yanar ido ta rufe masa gani, ya daina fita. Ban da abokansa biyu da Hansai, ba mai leƙa shi.

Gwadabe, kai ne ka tsaya inda masu manyan riguna suka zame. Ka san abin da zai biyo baya, ka kuma warware takardar. Marayu huɗu suna cin abinci saboda kai. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya.

Ku kuma, gidansa na nan bayan marina, ku je ku gaishe shi tun yana da rai. Ba a ce sai kun iya zane ba. Ran da aka sake tsayar da wata Hansai gaban Dagaci, ku buɗe baki.