Ƙaiƙayin da Ya Hau Rumbun Inna

Yayana ne ya kawo irin. Direban babbar mota ne, yana lodin hatsi daga Kankiya zuwa kudu. Farkon wata damina ya sauka gida Yashe da wasu 'ya'ya baƙaƙe masu sheƙi a aljihu, ya ce waken can ƙasar ne, an faɗa mashi yana gyara gona. Ni na shuka su bakin magudanar rijiyarmu, inda ƙasa ba ta bushewa.

Ban taɓa ganin tsiro mai gaggawa irin wannan ba. Da safe in ɗaura zare inda kansa ya tsaya, washegari in iske ya wuce da taƙi guda. Kafin gero ya fidda kai ya cinye danga, ya nannaɗe rumbun Inna, ya kama reshen darbejiya ya haye. Da kaka ya zubo 'ya'ya tuli-tuli, masu laushin gashi kamar karan-miski.

Da suka bushe, Inna ta ɗauki ƙwarya ta ce bari ta tsinko mu gwada a tukunya. Ina tankaɗe sai na ji salati. Na fito na iske tsohuwar nan, wadda ban taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba, ta yar da shi tana susa hannu bibbiyu, tana goga damtse a jikin bango. Na riƙe ta, nan take hannuwana suka ɗauki wuta.

Ana haka Bafillatanar da ke kawo mana nono ta yi sallama. Tana ganin rumbun ta ja da baya.

"Subhanallahi! Inna, wa ya kawo maku ƙaiƙayi har gida?"

"Wake ne fa," na ce, ina hawaye.

"Waken wa? Can kurmin kudu muke gamuwa da shi in mun bi shanu. Nan ruwan sama bai isar shi, ku kuka shayar da shi."

Ta hana mu susa, ta kankare mana fata da bayan wuƙa, ta shafe mu da man shanu.

Washegari Baba da maƙwabta suka rufe fuska da rawani, suka ɗaura lauje a gora suna janyo shi daga nesa. Jinkar rumbun ma sai da aka sauke aka ƙone, don gashin ya shige cikin ciyawar. Inna kuwa kwana biyu hannunta na kumbure, ni ke dama mata fura.