Farar Mota a Ƙofar Gona

Shekarata ta huɗu ke nan a Jidda lokacin da na sayi keken, wani baƙin keke mai nauyin tsiya, a hannun mai gwanjo a unguwar Mahjar. Umra ta kawo ni, na yi zamana. Guga nake yi a bayan wani shagon wanki a unguwar Nuzla, daga safe har faɗuwar rana, ni da fararen jallabiyoyin mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Iyalina suna gida, ba ni da iƙama, wato takardar zama, ba ni da kafilin da zai tsaya mini. Sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ban da mai shago, shi ma maganarsa ba ta wuce "yalla, yalla".

Wanda ba shi da takarda ba ya shiri da kwalta. Inda kwalta take nan motoci suke, inda motoci suke nan masu kame suke tsayawa. Shi ya sa ran Juma'a, da na idar da sallar asuba, sai in ratsa ta lungunan Waziriyya in yi gabas, har gidaje su ƙare, in faɗa hanyar tsakuwa. Tsohuwar hanyar raƙuma ce da masu gonaki, tana bin gindin duwatsu, ba mota, ba mai tambayarka daga ina. Ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da numfashinka. Wani wuri yashi ya kama ƙafar keken sai ka sauka ka tura. Ban san abin da nake nema a can ba, na dai san in na zauna a ɗaki ran hutu zuciyata tana iya fashewa.

Tafiyar kusan awa uku, akwai wani tudu mai rusasshen gini a kansa, bangon dutse da 'yan ƙananan tagogi na leƙe. Wata Juma'a, a gindin tudun kacar keken ta zame mini karo na uku a rana ɗaya. Na jefar da shi, na ce, "Kai, wannan keke, Allah ya isa!"

Sai na ji murya daga bayan shinge, da Hausa tsantsa: "Me ya yi maka da zafi haka, har za ka kai shi ƙara wurin Allah?"

Na waiwaya da sauri. Wani tsoho ne baƙi, dogo, ya rankwafa, riƙe da fartanya. Gadin gonar wani Balarabe yake yi, 'yan itatuwan dabino da kuɓewa da rijiya, shi da wani Bayamale, mutumin Yaman, mai ba da ruwa. Ya sa na wanke hannu, ya dafa shayi. Tun daga ranar, kusan shekara biyu, ban tsallake Juma'a ɗaya ba. A masallacin ƙauyen da ke bayan gonar muke salla, mu dawo mu ci abin da ya samu, in kamo hanya bayan la'asar.

Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan nan. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A hanya aka haife shi, iyayensa suna tahowa hajji a ƙafa, amma Hausar bakinsa ta fi tawa, irin ta kakanni. In na sako Larabci sai ya tsuke fuska ya ce, "Jiya-jiya ka zo, har ka fara sayar da harshenka?"

Shi ya ba ni labarin ginin kan tudu. Turkawa suka gina don tsaron hanyar alhazai. Da aka yi yaƙin da aka yi wa Jidda ƙawanya, yana ɗan yaro, sojoji sun zauna a wurin, shi da uwarsa suna kai musu ruwa a salka. Ya hau da ni ya nuna mini ramukan da suka haƙa, yashi ya kusa cike su. Ya tona da yatsa ya ciro kwanson harsashi ya yi tsatsa, ya miƙo mini. Ya ce abin da ya fi tunawa ba harbin ba ne, mutanen da aka binne da kayan jikinsu ne, babu wanka.

A nan kan tudun ya faɗa mini abin da ke ransa. Ya ce, "Ubana mutanenmu suka wanke shi. Uwata matanmu suka wanke ta. Yanzu duk sun ƙare, ni kaɗai na rage a kwarin nan. Ba na son hannun da bai san ni ba. Kai za ka wanke ni."

Na ce, "Haba Baba, bar wannan magana."

Ya ce, "Ba zan bari ba. Ka iya ko ba ka iya ba?"

Ban iya ba. Juma'a uku ya yi yana koya mini a kan wani kututturen dabino: yadda ake rufe tsiraici, yadda ake matsa ciki a hankali, alwala, dama kafin hagu. In na yi garaje sai ya buge mini hannu ya ce, "Mutum ne, ba rigar Larabawanka ba ce." Na ɗauki alkawari, na kuma ji daɗinsa, domin tun da na zo ƙasar ba wanda ya taɓa neman wani abu a wurina sai guga.

Wata Juma'a cikin sanyi, na sha kwanar dutsen ƙarshe sai na hango farar mota babba, mai dogon jiki, tsaye a ƙofar gonar. Ban taɓa ganin mota a wurin ba. A makon nan an kwashe mutum biyu daga layinmu a Nuzla, cikin mota mai wannan kala. Ban tsaya tunani ba, ƙafafuna suka yi mini tunanin. Na kwantar da keken a bayan dutse, na rarrafa na hau tudun, na shige ɗaya daga cikin ramukan sojojin nan na kwanta.

Daga can ina hango rufin motar da wani mai farar riga yana kai da kawo. Sau biyu ya fito bakin hanya ya sa hannu a goshi yana duban inda nake fitowa. Na ce a raina, ka gani ko, an ba su labarin mai keke. Na ƙara lafewa. Rana ta ɗaga, aka kira salla a ƙauye, ban motsa ba. Abin kunya ma, har yaba wa kaina wayo nake yi. Sai bayan an sauko daga masallaci na ji an tayar da mota, ƙura ta bi ta har ta ɓace. Na ƙara jira kaɗan, sannan na gangaro ina kakkaɓe riga, ina shirya yadda zan ba Baba labari mu yi dariya.

Bayamalen na tarar zaune a bakin rijiya. Da ya gan ni ya miƙe, da Larabci ya ce, "Ina ka shiga? Ina ka shiga yau?"

Motar mai gonar ce. Tun ran Laraba jikin Baba ya yi tsanani, Bayamalen ya aika gari. Mai gonar ya zo da sassafe zai kai shi asibiti, Baba ya ƙi shiga mota. Ya ce ɗansa yana hanya, bai taɓa fashi ba, a jira shi su tafi tare, don a san shi a can, in ta Allah ta kasance a ba shi gawar. Mutumin kirki ya jira, shi ne mai fitowa yana duba hanya. Sai da Baba ya daina gane mutane suka ɗauke shi.

Na tambayi Bayamalen sunan asibitin, ya faɗa mini. Ran Lahadi na roƙi mai shago awa biyu na je. Na tsaya a tsallaken titi ina kallon ƙofa, ga mai gadi da kaki yana duba takardun masu shiga. Da mai gonar na gefena, da ya ce nasa ne ni, an wuce wurin. Ni kaɗai kuwa? Na tsaya har lokacin ya ƙare na koma kan gugata. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, tsoro ne, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Juma'ar da ta biyo na koma gonar. Ashe Baba ya rasu tun ran Litinin. Masu wankan asibiti suka wanke shi, aka yi masa salla tare da wasu, aka binne. Bayamalen bai ma san wace maƙabarta ba ce. Ya shiga ɗakin Baba ya fito da wata leda, ya ce a ƙarƙashin matashinsa ya same ta, cikin gaggawa ba wanda ya lura. Likkafani ne, an yanka an ninke, da sabulu sabo ba a buɗe ba, da 'yar kwalbar turare. Ya ce, "Ai naka ne, kai ya ajiye wa."

Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko da na bar gida. Bayamalen ya koma ya buɗe wa kuɓewa ruwa. Da la'asar na ɗaure ledar a bayan keke na kamo hanya. Da na iso inda tsakuwa ta haɗu da kwalta, ban ratse lungu ba, na hau babban titi tsakiyar motoci, ina jira wani ya tare ni ya tambaye ni takarda. Har na isa Nuzla babu wanda ya ko dube ni.