Mati da Bindiga Mai Ɗura Kanta

A Tudun Ƙirya, wani ƙauye a ƙasar Bagwai, in ka ce Mati sai an tambaye ka wanne, amma in ka ce Mati Maitoka kowa zai nuna maka gidan. Gidansu gidan maharba ne tun kakanni, sai dai shi ya zo duniya ne bayan daji ya ƙare. A wannan yanki gona ce jingine da gona, zomo in ya tashi a gonar wane a gonar wane zai faɗi. Saboda haka farautar Mati ta rani ce, in an kwashe amfani an bar kara a ƙasa, ya samo makwarwa ko zomo, wani lokaci zabon daji a wajen ruwan Watari. Da damina kuwa manomi ne kamar kowa.

Bindigarsa harbi-ruga ce, ta gado. Kafin ta yi magana sau ɗaya sai an zuba mata albarushi, an danna da tsumma, an zuba 'yan ƙarafa, an sake dannawa. In ta tashi, sai ya dire ƙotarta a ƙasa, ya kafa bakinsa a nata ya hura, don ya kashe sauran wutar da ta maƙale a ciki kafin ya zuba sabon albarushi. Wanda bai hura ba, albarushin a hannunsa zai kama. Da mari mahaifinsa ya koya masa wannan, kuma fiye da shekara arba'in bai taɓa tsallakewa ba. Shi ne mai harba bindigar ganin watan azumi da na Salla, shi ne mai tarar alhazai da ita, hayaƙi ya turnuƙe, mata su yi guɗa.

Sai shekarun satar shanu suka zo. Da ma abinci ya yi tsada, taki ya fi ƙarfin talaka, ga kuma ɓarayi suna bin ƙauyuka suna kwance shanun huɗa. Cikin waɗanda aka yi wa har da Badaru, ɗan ƙanen Mati, magidanci mai iyali, wanda ya wayi gari ya tarar da turke da igiya. A daminar nan da hannu ya yi huɗa, rabin gonar ma ciyawa ce ta cinye. Mutane suka koma ɗaure shanu a tsakar gida kusa da murhu. Aka kafa 'yan sintiri, aka ba Mati shugabanci, da yake shi kaɗai ke da abin da ya fi gora. Amma kowa ya sani, ɓarayin ma sun sani, in harbi-ruga ta yi magana sau ɗaya, kafin ta sake yi an kora bijimi ya tsallake gona uku.

Mai gari ya tara dattawa aka yi karo-karo, aka nemi izinin hukuma na sayen bindigar zamani guda ɗaya saboda sintiri. Aka daɗe ana zirga-zirga kafin izinin ya fito. Da aka zo maganar wanda zai je birni ya zaɓo, kuma ya riƙe ta, ba a ko yi gardama ba, aka ce Mati.

Daga ranar Mati bai sake zama wuri ɗaya ba. Ya sa aka wanke masa babbar rigarsa ta Salla, ya je wanzami ya gyara masa gemu, duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ji labarin. Matarsa Larai ta ce wa maƙwabta ko lokacin aurensu ba ta ga ya yi wannan rawar jiki ba. Da ya ji, ya ce mata ai lokacin aurensu ba a ba shi zaɓi ba. Ta ce ya gode Allah, da an ba ta ita ma da ba a nan take ba.

Shi da Badaru suka shiga mota ta Bichi zuwa Kano. Mai shagon, Alhaji Sama'ilu, mutum ne mai sanyin magana, ya shimfiɗa musu bindigogi uku a kan tebur. Ta farko mai baki ɗaya, ta biyu mai baki biyu wadda ake karyawa a tsakiya a zura harsashi, ta uku baƙa, doguwa, mai sheƙi. Mati ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen sa a kasuwar Ɗanbatta. Ya ƙwanƙwasa ƙota, ya shinshina baki, ya ɗora a kafaɗa ya auna bango. Mai baki ɗaya ya ce wannan ai tasa ce aka yi wa wanka. Mai baki biyu ta zauna masa a kafaɗa daidai, har ya yi murmushi. Da ya zo kan ta ukun sai Alhaji ya yi masa bayani cewa ana jera mata harsashi ta ƙasa, in an harba ɗaya sai ta tofar da kwanson, ta ɗauko na gaba.

"To wa yake ɗura mata na biyun?" in ji Mati.

"Ita da kanta, Baba."

"Alhaji, faɗa mini gaskiya, akwai mutum a ciki?"

Alhaji ya yi dariya har da riƙe tebur, ya ce gara su je su gani da ido. Ya ɗauke su da bindigogin a motarsa zuwa wani tsohon ramin burji a bayan gari inda yake gwaji, ya kafa tsohuwar garwa a gindin gaɓa, ya zura wa baƙar harsashi uku, ya nuna wa Mati inda zai sa yatsa.

Mati ya gyara tsayuwa, ya yi bisimilla, ya ja kunama. Garwar ta yi tsalle ta kife. Babu hayaƙi, babu toka a ido, sai ga jan kwanso ya fito ta gefe yana juyi a iska. Daɗi ya kama Mati, ya buɗe baki zai yi kabbara, amma hannunsa ya riga shi. Ƙota ta sauka ƙasa dim, ya sunkuya, ya kai leɓensa bakin bindiga.

Badaru ne ya yi tsalle ya bangaje bakin gefe, har hular Mati ta faɗi. Alhaji Sama'ilu ya matso a hankali ya karɓi bindigar, ya juya ta wajen gaɓa, ya ja kunama sau biyu a jere. Sau biyun ta amsa, ƙasa ta zubo. Mati ya tsaya yana kallon inda ƙasar ta zubo, ya shafa gemunsa, ya ce inna lillahi a hankali.

Da suka natsu, Alhaji ya ba da shawara a ɗauki mai baki biyu. Ya ce ita in ka harba duka biyun ka karya ta, kana ganin haske ta cikinta, ta fi dacewa da hannun da ya saba da toka. Badaru ya goyi baya, ya ce ba wanda zai ji abin da ya faru a ramin nan, su ɗauki mai baki biyun su tafi, Baba ya riƙe abinsa da girmansa. Mati ya ɗauke ta ya sake ɗorawa a kafaɗa. Lallai ta zauna. Ya hango kansa a gaban 'yan sintiri da ita, ya hango ranar Salla. Sai kuma ya tuna ba don Salla aka yi karo-karon ba. Wadda ba ta tsayawa jira ita gari ya aiko shi nema.

Ya roƙi Alhaji ya zazzage baƙar tas, ya ba shi ya sake gwadawa ba harsashi. Ya ce wannan karon yana sane. Ya auna garwa, ya ja, ta ce ƙyas. Kafin ya ankara ƙotar ta kai gwiwarsa, tana neman ƙasa. Nan ya tsaya da ita, ya fashe da dariya har da hawaye.

"Kun gani ko? Ni na ji magana, hannun ne bai ji ba. Alhaji, ita za mu ɗauka. Badaru, zo nan."

"Baba, ni ban taɓa harba bindiga ba."

"Shi ya sa. Ba abin da za a kankare maka."

A ramin nan suka wuni. Alhaji yana koya wa Badaru ɗuri da zazzagewa da inda ake kulle kunama, Mati yana bayansa yana gyara masa kafaɗa da numfashi, yana tsalle duk sanda garwa ta kife kamar shi ya harba. Sai da aka sake komawa wajen hukuma aka mai da izinin sunan Badaru kafin aka ba su ita, amma ranar kawo ta gida Mati ne ya saɓo ta a cikin jakarta tun daga bakin titi, jama'a na biye, mata na leƙe ta kan danga.

A ƙofar mai gari ya ajiye ta a kan tabarma, ya ba da labarin da bakinsa. Bai rage komai ba, har da kwaikwayon yadda ya turo leɓe. Dattawa suka yi ta dariya, wani ya ce da yanzu ana zaman makokin mutumin da ya sumbaci bindiga. Mai gari ya tambaye shi ko ya tabbata ya sallama. Mati ya ce, ranka ya daɗe, ya sallama, shanu su kwana a turke shi ne magana. Larai da labarin ya kai mata ba ta yi dariya ba, kuma ranar ba ta yi masa magana ba sai bayan la'asar.

Tun daga nan Badaru ke riƙe da bindigar gari, Mati kuma yana gaba yana nuna hanya, don ba burtalin da bai san inda ya ɓulla ba. Abu ɗaya ya roƙa aka ba shi, shi zai riƙa goge ta. Duk Juma'a da hantsi Badaru yakan kawo ta, ya zazzage harsashin a gaban Larai, ita kuma ta ƙulle su a bakin zanenta ta koma kan turminta. Ba ta kwancewa sai Mati ya gama shafa mai, ya gama yi wa bindigar hira, ya miƙa wa mai ita.