Rigar Baba a Kan Ƙusa

Har yau, in na ji ƙamshin turaren wuta na ƙetare wata katanga a Dakoro, sai in ga kaina ina yarinya a ɗakin Inna, ina kallon rigar Baba.

Farar babbar riga ce mai shuɗin aiki a wuya. Da ita yake wa'azi a 'yar majami'armu ta laka, mu Kiristan da ba mu cika ko rabin ɗakin ba. Da ya rasu, Inna ta rataye ta a ƙusa, saitin gadonta. Duk Asabar sai ta kifa kwando a kan kasko, ta shimfiɗa rigar a kai, hayaƙi ya ratsa ta. Ni da nake ɓoye littattafan soyayya a jakar lakwal, wato ta makaranta, gani nake babu ƙaunar da ta kai wannan. Nakan yi fatan wata rana in so wani haka.

A hankali rigar ta sami aiki. In zazzaɓi ya kama ɗayanmu, da ita ake lulluɓe shi. Ranar shukar hatsi ita ake fara kaiwa gona. Addu'ar safe ma a gabanta Inna take durƙusawa. Majami'a kuwa ta daina zuwa, wai ba ta iya ganin wani a tsaye inda Baba ke tsayawa.

Wata damina Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Sabon Maci. Mace ce mai baki, kuma matata take ce wa Inna, irin wasan dangin miji. Da asuba ta ji Inna a durƙushe tana cewa, “Malam, ka dube mu, hatsi na son ruwa.”

“Ke matata,” in ji Gwaggo, “wa kike roƙo?”

“Ubangiji mana, Yaya.”

“Yaushe Ubangiji ya koma Malam? Ƙanen nan nawa ni na goye shi. Ko akuya bai iya ɗaurewa da kyau ba, shi zai ɗauro miki hadari?”

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Inna kuwa kuka ta fashe da shi. Gwaggo ta zauna kusa da ita, ta sassauta murya.

“Mi ya riƙa faɗa a cikin rigar nan in ba a dubi Almasihu ba? Ke kuma kin tsaya a rigar.”

Inna kuwa, ranar ko fura ba ta sha ba.

Da Nowel, sallar Kirsimeti, ta matso, sai ta sauke rigar da hannunta, ta turara ta sosai, ta ce in raka ta wurin tela. Da ya ɗauki almakashi ta juya baya. Aka fitar wa ƙannena maza da riguna, ni kuma aka yi mini ɗankwali da abin da ya ragu.

Ranar sallar muka shiga majami'a tare, dukanmu muna ƙamshin Baba. Inna ta zauna a layin mata, muryarta na rawa a waƙar farko, ta daidaita a ta biyu.

Ɗankwalin ya daɗe da yagewa. Ƙusar dai tana nan a bango, Inna na rataya faifai a kanta.