Sunan da Muka Ɓoye 'Yarmu a Ciki

Shekarar da matata Lami ta ƙi ɗaukar jaririyar da ta haifa, a ita na gane wata tatsuniya ta kakata. Ina Dubai a lokacin. Kakar kuwa ta daɗe a ƙasa.

Iya Tabawa muke ce mata. Ba ta tatsuniya sai an kwashe tuwo. A ƙauyenmu na gefen Malumfashi, in sanyi ya shigo, za ta tura kara a murhu, ta binne dankali cikin garwashi, mu kewaye ta, jikoki da 'ya'yan maƙwabta. Ni nake zama jikin ƙafarta. Uwata ta binne 'ya'ya kafin ni, shi ya sa aka sa mini Ajuji, wai abin da aka yar a juji ba mai waiwayarsa. Ishaya ne a fasfo ɗina, amma Iya ba ta taɓa kirana da shi ba.

"Ku matsa mata, ga ta nan ta iso," da haka take buɗewa.

Wai Mutuwa tana bin gida gida da kwando. Sai ta tsaya a ƙofa ta ce, "Me kuka samu?" Wata mata ta haihu, ta ce, "Zinariya." Mutuwa ta saka a kwando. Ta sake haihuwa, ta ce, "Azurfa." Ita ma aka tafi da ita. A ta uku matar ta shafe jaririyar da toka, ta kwantar da ita gefen murhu. Da aka tambaye ta, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Toka ce." A nan Iya take shaƙe murya ta yi ta Mutuwa: "Toka? Ina da ita a gida." Ta wuce. Amma matar ta riga ta raɗa wa 'yar wani suna a kunne, ta riƙe shi ita kaɗai. Ranar da yarinyar ta iya ɗauko tulu daga rafi, ranar ta kira ta da shi a gaban kowa.

Tanko, ɗan kawuna, ya taɓa cewa, "Iya, ashe Mutuwa wawuya ce?"

"Je ka tambaye ta, tunda kai ne mai wayo," in ji Iya. "Ciro dankalinka, ya ƙone."

Na girma, na yi dako, na yi gadi, na tsira daga abubuwan da ba na son faɗa. A 2011 ina wanke-wanke a wani gidan abincin Italiyawa a unguwar Al Rigga ta Dubai. Da safe ni nake kwashe tokar tanderun itacen da suke gasa burodinsu. Babban mai girki, wani tsohon ɗan Italiya da muke kira Shef, ya laƙa mini wani dogon suna. Bitrus, ɗan Jos da muke ɗaki ɗaya, yana kai abinci tebur kuma yana jin Turanci, shi ya fassara mini.

"Sunan mace ya ba ka, mutumina. Wata ce a tatsuniyarsu, 'ya'yan matar ubanta suka mai da ita baiwar murhu. Da Italiyanci sunan daga toka ya fito, da Turanci ma haka. Duk nasu haka suke, wata jar hularta ce sunanta, wata farin fatarta. Ni ne kai, da ban amsa ba."

Ban ji haushi ba. Wanda ya amsa Ajuji ba ya tsoron toka. Na ce Bitrus ya tambaye shi sunanta na gaskiya, wanda uwarta ta sa mata. Shef ya ɗaga kafaɗa. "Kakata ma ba ta faɗa mini ba," in ji shi. "Yalla, habibi, maza koma tanderu."

Na koma aiki ina tausayin yarinyar. Masu ƙinta suka sa mata suna, ba kuma wanda ya ajiye mata wani.

A makon ne surukata Inna ta kira. Lami ta sauka, mace. Kafin ita mun binne maza biyu, Albarka da Nasara, ba wanda ya kai yaye.

"Ba ta ɗaukarta, Ishaya," in ji Inna. "Nono ma sai mun matsa mata, ta ba ta tana kallon bango. Wai ba za ta saba da abin da za a karɓe ba. Yarinya tana ramewa."

Hutuna bai zo ba, ba halin tafiya. Na fita bayan kicin inda ake ajiye itace, na ce a ba ni Lami.

"Lami, me kika haifa?"

Kukan jaririyar nake jiyowa daga nesa a wayar, na ci gaba.

"An ce mini toka kika haifa. To, Toka ce. Ba mai zuwa ya ɗauki toka. Ki dai ba ta nono, kar ta hana mutane barci."

Can ta ce, "Kai da Iyarka. In Fasto ya ji fa?"

"Ya sa nasa a coci, mu riƙe shi ni da ke. Na gida Toka ne."

Na ji motsi, na ji kukan ya matso kusa da wayar, sannan ya yanke.

"Mummuna ce ma," in ji Lami. "Hancinka ta ɗauko."

Ni ban yarda ana yaudarar Mutuwa ba. Na ga ta ɗauki masu sunan juji, ta bar masu sunan zinariya. Iya ma ta san haka, ta binne mutane fiye da ni. Abin da ta sani, wanda ban gane ba sai a bayan kicin ɗin nan, shi ne uwar da ta sha binnewa hannunta yana mutuwa. Ka ce mata ga dukiya, ba za ta iya ɗauka ba. Ka ce mata ga abin banza, riƙe mini, sai ta ɗauka, kafin ta ankara ta goya. Sunan ba don kunnen Mutuwa ake sa shi ba, don hannun uwa ne.

Na koma gida a 2015. Na tarar da yarinya mai ƙiba da tsiwa tana korar kaji a tsakar gida. Lami ta ce in kira ta da na cocin, lokaci ya yi. Na ce, "Rahila." Ta tsaya, ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi uwarta, ta ce, "Wannan baƙon wa yake nema?"